Maganar da Ba a Faɗa Ba: Darasi Daga Ilmin Manɗiƙi

Ya kai ɗalibi, ka sani cewa sau da yawa mutum yakan faɗi rabin hujjarsa ne, ya haɗiye rabi. Wannan rabin da ya haɗiye shi ne abin da muke so ka koyi tonowa.

Duk wanda ya zauna gaban malami ya san littafin Ahalari. To, mai littafin nan, Shehu Abdurrahman Al-Akhdari, mutumin ƙasar Aljeriya da ya rayu a ƙarni na 16, yana da wani littafin a waƙe mai suna Sullam, a kan ilmin Manɗiƙi, wato ilmin auna hujja. Masu wannan fanni sun ce cikakkiyar hujja ƙafa uku gare ta: muƙaddima ƙarama, muƙaddima babba, sai natija, wato sakamako. Amma a zancen yau da kullum ba mai jera su ukun. Akan ɓoye ɗaya, galibi babbar, kuma a nan kuskure yake kwanciya.

Ga misali daga gida. Wani ya ce maka: "Babura maƙwabciyar ƙasar Kazaure ce, ashe ke nan a ƙarƙashin Sarkin Kazaure take." Ƙarama ita ce maƙwabtaka, natija kuma ka ji ta. Ina babbar? Ga ta: "Duk garin da ke maƙwabtaka da wata masarauta, nata ne." Da ka fito da ita fili sai ka ga ba ta tsaya ba. Roni da Gwiwa lalle suna Masarautar Kazaure, amma Babura tana Masarautar Ringim. Ka lura, mai maganar bai yi ƙarya a kan maƙwabtakar ba. Abin da bai faɗa ba shi ne ya kayar da shi.

Ko kuma yaro ya ce: "An haifi kakana a Babura, don haka a Jihar Jigawa aka haife shi." Ya ɗauka ke nan Jigawa ta daɗe. Alhali sai ran 27 ga Agusta, 1991 aka cire ta daga Jihar Kano.

Wadda ta fi haɗari a wurina ita ce wadda ake cusawa cikin tambaya. Idan aka ce maka, "Yaushe ka daina satar amsa?", kowace rana ka ambata ka amsa laifi. Kada ka yi gaggawa. Ka ce: "Wa ya ce na taɓa yi?" Iyaye, don Allah mu ma mu kula, domin mukan yi wa yara irin wannan tambaya a gida, yaro ya rasa ta cewa, mu ce shirunsa shaida ne.

Sai dai ba kowace ɓoyayyiyar muƙaddima ce ɓatacciya ba. Idan Inna ta ce, "Hadari ya haɗo, a kwashe shanya," ta ɗauka ruwa zai iya sauka ya jiƙa hatsi, kuma gaskiyarta ne. Kada ka tsaya yi mata manɗiƙi, tashi ka kwashe!

Yadda za ka gwada kuwa shi ne: ka zaci abin da aka ɓoye, sannan ka kore shi. Idan maganar ta rushe, to shi ne ginshiƙinta. Idan ta tsaya daram, ba shi ba ne, sake nema.

Gwada da wannan kafin ranar Asabar, ka rubuta amsarka da boko ko da ajami ka kawo aji: "Malam Tanko ya sayi sabon keke, lalle gyaɗarsa ta yi kyau bana."