3.4 Magance Ciwon Ɓarin Kai Mai Naci Ba Tare da Babbar Tiyata Ba

Wannan sashe zai yi tsokaci a kan hanyoyi biyu da likitoci kan bi idan magungunan sha suka gaza. Ana cewa ciwon ya zama mai naci ne idan majinyaci yana fama da ciwon kai kwana 15 ko fiye a wata, sama da wata uku, kuma aƙalla kwana 8 daga ciki da alamun ɓarin kai.

Hanya ta farko ita ce allurar Botox, wadda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita a shekarar 2010. Ana yin ta a wurare 31 na kai da wuya, a maimaita bayan mako 12. Takan haddasa ciwon wuya ko sakin fatar ido na ɗan lokaci.

Hanya ta biyu ita ce allurar kashe zafi kusa da babbar jijiyar ƙeya, wadda kan kawo sauƙi na 'yan makonni.

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa waɗannan hanyoyi suna rage kwanakin ciwon ne, ba sa kawar da shi gaba ɗaya.