Yadda Na Haɗa Akwatin Katako Na Ajiye Mesa, Da Kuskuren Da Na Fara Yi

Yau ba maganar buroila ko tarwaɗa na zo da ita ba. Na san wasu daga ganin kalmar mesa za su ce a'uzubillahi su wuce, to ku ɗan dakata, domin abin da aikin nan ya koya min ya shafi duk mai akurki.

Ni dai kun sani, bayan kiwon kaji ina taɓa kafinta. Kejin kaji, na zomo, akwatin rainon 'yan tsaki, duk da hannuna nake haɗawa. Akwai wani likitan dabbobi da ke duba min kaji, mun saba sosai. Wata rana bayan ya gama rigakafi sai ya ce, "Malam, akwai wani akwati da nake so ka haɗa min, amma fa ba na kaza ba ne." Na ce, "Na zomo ne, Likita?" Ya yi dariya ya ce na mesa ne. Wallahi sai da na ajiye bokitin da ke hannuna.

WACE IRIN MESA CE?

Ba irin ƙatuwar mesar nan ba ce da ke haɗiye akuya. Ƙaramar mesa ce da Turawa ke kira "ball python", saboda idan ta tsorata ba ta cika kai sara ba, sai ta dunƙule kamar ƙwallo ta cusa kanta a tsakiya. Ba ta da dafi. Tsawonta idan ta girma ƙafa 3 zuwa 5 ne, kuma a hannun mai kula tana kai shekara 20 zuwa 30.

Asalinta na nan yankinmu ne na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. Daga Gana da Togo da Benin ake fitar da dubbanta zuwa Amurka da Turai, inda mutane ke ajiye ta a ɗaki kamar yadda mu muke ajiye kanari ko aku. Tana cikin dabbobin da yarjejeniyar CITES ta sa wa ido, ba a tsallaka iyaka da ita sai da takardar izini, kuma Najeriya tana da dokar kare namun daji tun 1985. Ta Likita kuwa, wasu manoma ne suka tono ta a rami suna shirin kashewa, ya karɓe ta ya yi jinyar raunin da ke jikinta, tun daga nan take wurinsa a cikin wata babbar roba.

AKWATIN FARKO: ABIN KUNYA

Na ɗauki aikin da raini. Na ce ai keji keji ne. Na samo siririn filawud, na buga da ƙusa, na yi murfi a sama da sakata guda ɗaya a tsakiya, kamar dai yadda nake yi wa zomaye. Kwana 2 na gama, na kai masa.

Ba a rufa mako ba, da asuba sai ga kiran Likita. "Malam, mutuniyar fa ba ta cikin akwati." Na je na tarar sakata a kulle, babu abin da ya karye. Da na danna kusurwar murfin da yatsa sai na ga tana ɗagawa kamar inci guda. Nan ta sa hanci ta yi ta turawa har ta fice.

Uwargidan Likita ta kwashi yara ta tafi gidansu, ta ce ba za ta dawo ba sai ta ga mesar da idonta a kulle. Ga kuma fargabar kada ta tsallaka maƙwabta, domin duk wanda ya gan ta ba zai tsaya tambayar ko tana da dafi ba, kuma sunan Likita ya ɓaci a unguwa ke nan. Kwana 3 muna nema. A ƙarshe a bayan firiza muka same ta, ta naɗe kusa da injin saboda ɗumi. Likita bai yi min faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Kaza ba ta neman hanyar fita, Malam. Ita wannan duk dare aikinta ke nan." Na ce a ba ni dama ta biyu, kuɗin katako a kaina.

KAYAN AIKI

Filawud mai kauri, milimita 18, falle ɗaya mai ƙafa 8 da 4. Kada ku ɗauki katakon garin nan da ake matsewa a yi kabad da shi, da ya sha ruwa sai ya kumbura ya ruguje.
Katako mai faɗin inci 5 da wani mai inci 2, kowanne tsawon ƙafa 4, na gaba.
Gilashi falle 2 mai kaurin milimita 5 ko 6, da layin alminiyon irin na taga mai zugewa.
Sukuru da gam ɗin katako.
Silikon irin na haɗa tankin kifi na gilashi.
Banish mai haɗin ruwa, da ledar ɗaki mai kauri.
Ragar ƙarfe mai ƙananan ido, da makullin gilashi irin na shokes.

Abu biyu ku kiyaye wajen zaɓen katako. Na farko, a guji katako mai ƙamshin mai irin su sida da ɗanyen fain, man da ke cikinsu yana cutar da numfashin maciji. Na biyu, kuma wannan ya fi shafarmu, kada a shafa baƙin mai ko maganin gara kamar yadda muke yi wa katakon akurki. Maganin ƙwari guba ne ga maciji, ga shi dabba ce da ke kwance da cikinta a kan katakon dare da rana. In gara kuke tsoro, ku ɗora akwatin a kan teburin ƙarfe.

YANKA DA HAƊAWA

Girman da ya dace da babbar mesa irin wannan shi ne tsawo ƙafa 4, faɗi ƙafa 2, tsayi ƙafa 2. Daɗin abin, falle ɗaya na filawud ya isa cif. A raba shi gida 4, kowane ƙafa 4 da 2. Uku su ne ƙasa da sama da baya. Na huɗun a raba shi biyu, ya ba da gefen dama da na hagu. Sai a rage kaurin katako ɗaya daga faɗin kowane gefe, domin su zauna daidai a gaban allon baya.

Na shafa gam a kowace mahaɗa, na huda da siririn bakin injin huda don kada filawud ya tsage, sannan na ɗaure sukuru duk bayan inci 6. Ƙusa tana sakin jiki idan katako ya sha damina ya sha rani, sukuru ba ya yi. A gaba na kafa katakon inci 5 daga ƙasa, shi ke tare shimfiɗa kada ta zubo, na kafa mai inci 2 daga sama, shi kuma yana hana rufin lotsawa. Tsakaninsu layin alminiyon ya zauna.

Wannan karon ban yi murfin sama ba sam. Ƙofa ta koma gaba, gilashi 2 masu zugewa, ɗaya ya hau kan ɗaya da kamar inci 2, na manna siririyar roba a ratar da ke tsakaninsu, na sa makulli. Mai yankan gilashi ya goge min bakinsu. Likita ya ƙara min da cewa hannun da ke saukowa daga sama yana firgita mesa, kamar dai yadda ɗan tsako ke yi da inuwar shaho.

Duk cikin na bi da sanfefa, na duba ko akwai tsinin sukuru da ya leƙo. Banish shafi 3 na yi, kowane sai ya bushe. Na shimfiɗa ledar ɗaki a ƙasa ta ɗan hau bango, na bi duk kusurwa da silikon. Masu kiwon kifi a akwatin katako da tampol sun san wannan karatun: inda ruwa ya sami katako tsirara, nan ruɓa ke farawa. Daga nan na bar shi a buɗe a inuwa mako 2. Gwajin mai sauƙi ne, ka rufe gilashi na yini guda, ka buɗe ka sa hanci. In ka ji warin fenti, bai yi ba tukuna.

ISKA, ZAFI DA LAIMA

Na yanka tagogin iska 2, kowace kamar tafin hannu, ɗaya ƙasa-ƙasa a gefe guda, ɗaya sama-sama a ɗaya gefen, don iska ta riƙa ratsawa. Ragar ba da fin na maƙala ta ba, na danne bakinta da siraran katako na ɗaure da sukuru. Ramin da wayar wuta ta bi ma na cike shi da silikon.

Maciji ba ya samar da zafin jikinsa, da na waje yake dogara. Don haka akwatin sai ya zama gefe ɗaya mai ɗumi, digiri 31 zuwa 33, ɗaya gefen mai sanyi, 24 zuwa 27, ita ta riƙa zaɓa. Duk wanda ya raini 'yan tsaki ya san haka: fitila a gefe, su matso in sun ji sanyi, su ja baya in sun ji zafi. Bambancin shi ne dole ƙwan fitilar ya kasance cikin kejin raga, domin mesa za ta naɗe shi ta ƙone ba ta saki ba. Kuma a haɗa shi da na'urar daidaita zafi irin ta injin ƙyanƙyasa, mai kashewa da kunnawa da kanta. Ma'aunin zafi 2 muka sa, kowane gefe da nasa.

Littattafan Turawa duk maganar ƙara zafi suke yi. Mu nan daga Maris zuwa Mayu matsalar akasin haka ce. Rana tana haura digiri 40, ɗaki mai rufin kwano ba silin zai iya kashe ta cikin yini guda. A lokacin fitila a kashe take, akwatin yana ɗaki mafi sanyi a gidan, nesa da tagar da rana ke shigowa. Da hunturu kuwa dare na sanyi, nan fitila ke aiki. In an ɗauke wuta, gorar ruwan ɗumi a naɗe da tawul ta wadatar. Gawayi dai kada a kusanto da shi, hayaƙinsa a rufaffen akwati halaka ne.

Laima ana son kashi 55 zuwa 65 cikin 100, a ƙara kaɗan lokacin da za ta yi saɓa. Iskar hunturu busasshiya ce, sai saɓar ta riƙa fita gutsi-gutsi, wani ya maƙale a ido. Maganinsa shimfiɗar ɓawon kwakwa da ake ɗan yayyafa wa ruwa, da babban kwanon ruwa mai nauyi wanda ba za ta kifar ba. Dusar katakon da muke zuba wa kaji ba ta dace ba, ga ƙura, ga shi ba ka san daga wane ice ta fito ba.

Sai maɓoya. Kasko 2 na ƙasa muka kife, muka ɗan fasa bakinsu muka goge, ɗaya a gefen ɗumi, ɗaya a gefen sanyi. A daji cikin ramin ɓera da tsohon suri take yini. In ba ta da wurin da za ta matse jikinta, sai ta ƙi cin abinci.

KAFIN WANI YA CE ZAI GWADA

Babba tana cin ɓera ɗaya duk kwana 10 zuwa 14, kuma na kiwo, ba na kwata ba, domin ba ka sani ba ko ya ci shinkafar ɓera. Ba a barin ɓera mai rai ya kwana da ita, yana iya cizonta. Macizai suna ɗauke da ƙwayar salmonela, saboda haka a wanke hannu da sabulu, kuma kayan aikinta kada su haɗu da na kaji.

Sannan ina roƙonku, kada wani ya karanta wannan ya shiga daji neman maciji. Kububuwa da kasa da kumurci ba abin ajiyewa ba ne a kowane irin akwati. Ku tambayi mutanen Kaltungo a jihar Gombe, inda akwai asibiti guda na saran maciji, abin da kububuwa ke yi wa manoma. Ko ɗan babbar mesa, wanda bai sani ba zai ɗauka ƙaramar ce, alhali tana wuce mita 4.

ABIN DA NA KOMA GIDA DA SHI

Ranar da muka kai sabon akwatin, Hajiya da kanta ta zo ta ja gilashin ta jijjiga makullin kafin ta yarda. Yau shekara ta zagayo, ba a sake neman kowa a bayan firiza ba.

Ni kuma da na koma gida sai na zagaya akurkina da idon da mesar ta ba ni. Na daɗe ina rasa ƙwai da 'yan tsaki ina zargin yara da muzuru. Na sami rata a ƙarƙashin ƙofa da yatsu 2 ke shiga, na sami ramin ɓera a bayan buhunan abinci, ga wayar kajin da na sa idonta ya isa maciji ya wuce. Na canza ragar ƙasa zuwa mai ido rabin inci, na toshe ramin da siminti, na mayar da abinci cikin duro mai murfi, na share ciyawa da tarkacen da ke jikin bango. Abincin da ya zube shi ke kiran ɓera, ɓera kuma shi ke kiran maciji. Tun daga nan lissafin ƙwaina ya daidaita.

Don haka ko ba za ka taɓa ajiye mesa ba, gobe da safe ka durƙusa a gaban akurkinka, ka bi ƙofa da kusurwa da yatsa. Duk inda yatsanka ya shige, ka toshe shi kafin dare. Mai tambaya kan awo ko kayan aiki ya ajiye a ƙasa, zan amsa in sha Allahu. Allah ya sa albarka a kiwonmu.