Tsoron Ofis Ne Ke Cinye Mana Filaye

Akwai maganar da na gaji da ji a ƙauyukanmu, tun daga kambunan Jazira, wato matsugunan 'yan ƙwadagon gona, har Damazin da Rusairis: wai Bahaushe kada ya kuskura ya je mahaliyya, wato ƙaramar hukuma, neman takarda, don zai tayar wa kansa da abin da ke kwance. Wai da zarar ka miƙa buƙata za a buɗe maka fayil, a fara tambayar daga ina kakanka ya zo, ka tafi neman shaidar fili ka dawo ba fili ba jinsiyya. Dattawa ke faɗa, samari su ɗauka, dillalai kuma su ƙara mata gishiri, domin da ita suke cin abinci.

Takardun da nake nufi ba na asiri ba ne. Rajistar filaye, taswirar ƙauye, shawarar da aka yanke kan kasuwa ko makaranta, da lissafin kuɗin da ake karɓa a hannunmu ranar kasuwa. Shi ke nan.

Tsoron yana da tushe, ban musa ba. Dokar jinsiyya ta 1957 ta ce ɗan ƙasa na asali shi ne wanda shi ko iyayensa maza suke zaune a Sudan tun 31 ga Disamba 1897. To, Sarkin Musulmi Attahiru a 1903 ya faɗi a Burmi, bayan haka ne ɗansa Muhammadu Bello ya iso da jama'a bakin Nilul Azrak suka kafa Maiwurno. Wasu kuma aikin auduga ne ya tsayar da su a hanyar Makka, bayan an gama madatsar Sinnar a 1925. Kun ga ke nan waccan doka ta bar yawancin kakanninmu a waje, kuma sun sha wulaƙanci a gaban teburin ma'aikata. Wanda aka taɓa kora daga ofis da tsawa, dole ya gargaɗi ɗansa.

Amma jama'a, wannan doka ta mutu. Dokar 1994 ta mayar da iyakar zuwa 1 ga Janairu 1956, ranar samun 'yanci. Maiwurno ta girmi wannan rana da kusan shekara hamsin. Kambuna da yawa ma sun girme ta. Yau fiye da shekara talatin muna gudun dokar da aka binne, muna koya wa 'ya'yanmu su sunkuyar da kai a ƙasar da kakanninsu suka haƙa wa magudanan ruwa. Na san har yanzu akwai ma'aikacin da idan ya ji sunan ƙabila sai fuskarsa ta canza, ya nemi shaidu ƙari a kan na kowa. Wannan halinsa ne shi, kuma abin da ke ƙara masa ƙarfi shi ne ya san ba za ka dawo ba.

Sannan wa ya ce shiru yana tsare fili? Dokar 1970 ta mayar da duk ƙasar da ba a yi wa rajista ba mallakar gwamnati, kuma dokar mu'amaloli ta 1984 da ta gaje ta ba ta warware wannan ƙulli ba. Wato gonar da ka gada da baki, wadda kowa a ƙauye ya san ta Malam wane ce, a littafin hukuma ba ta da suna. Kambon da ya shekara sittin a gefen magudana, idan ba ya cikin taswira, ba za a sa masa makaranta a kasafi ba, ba famfo, ba asibiti, kuma ranar da aka ga dama a ce ku tashi. Mun ga abin da ya faru a Nilul Azrak a Yulin 2022, sannan a Wad al-Mahi a Oktoban shekarar, inda aka zubar da jini kan tambayar ƙasar wa ce. Takarda ba ta tare mashi, gaskiya ne. Sai dai bayan ƙura ta lafa, in an zo batun komawa gida ko diyya, abu na farko da ake tambaya shi ne: ina shaidarka?

Tun 2015 Sudan take da dokar haƙƙin samun bayanai, wadda ta ba ɗan ƙasa damar neman bayani a rubuce daga ma'aikatun gwamnati. Tana da ramuka, domin ta ware abubuwa iri goma sha biyu da za a iya hanawa, ciki har da tsaron ƙasa da hulɗar waje, kuma ba a aiwatar da ita yadda ya kamata ba. To amma kuɗin sharar kasuwa ba tsaron ƙasa ba ne. Lambar filinka ba hulɗar waje ba ce.

Ban da ramukan dokar, nisa da cin hanci da rashin Larabcin ofis suna nan su ma, kowa ya sani.

Yanzu ga yadda ake yi. Ka fara sanin ƙofar da za ka buga, don rabin masu cewa an kore su ƙofa suka ɓata. Shahadar bahas, wadda ke nuna sunan mai fili, a ofishin rajistar filaye take, ƙarƙashin hukumar kotuna. Takardar haihuwa da rakam watani, wato lambar ɗan ƙasa, suna ofishin sijil madani, wajen 'yan sanda. Abin da ya shafi hawasha, wato gonar da ke cikin tsarin ban ruwa, yana ofisoshin aikin noman Jazira, mai hedikwata a Barakat. Gado kuwa sai kotu ta fitar da i'ilam shar'i, wato takardar da ke tabbatar da magada, kuma iyayenmu mata da mazansu suka rasu su ne aka fi cuta a nan. Mahaliyya ita ke da shaidar zama, da harajin kasuwa, da maganar tsara ƙauye da hidimomi.

Ka rubuta buƙatarka da Larabci. In ba ka iya ba, masu rubuta arɗahal suna nan a ƙofar kotu da ɗan teburinsu a inuwar dogon yaro, da kuɗi kaɗan za su rubuta maka. Amma ka sa a karanta maka kafin ka dangwala yatsa. Kada ka ce kana son duk takardun ƙauyenku. Ka faɗi abu ɗaya, da lambarsa da shekararsa. Ka yi kwafi biyu, ka miƙa ɗaya, ɗayan kuma ka tsaya har a buga masa hatimi, a rubuta kwanan wata da lambar da aka shigar a littafin karɓa. Wannan ɗan hatimin shi ne ke hana a ce maka ba a taɓa ganinka ba. Ko fam ɗaya kada ka biya sai da rasit na hukuma, Ornik 15. Duk wanda ya ce ka kawo ya shigar maka ta bayan gida, ka yi masa godiya ka wuce.

Kada ka tafi kai kaɗai. Ku je da shehun ƙauye ko umda, da yaro mai karatu wanda zai riƙe biro. Takardarka ta asali kuwa a nuna ta a gani, a dawo da ita aljihu. Kwafi ake bari. In an hana ku, ku roƙa cikin ladabi a rubuta dalilin hanin, sannan ku hau sama wajen mudir tanfizi, wato shugaban gudanarwar mahaliyya, in ta kama har hukumar jiha ko lauya. Zagi ba ya fitar da fayil, naci ke fitar da shi. Kuma a duba yanayi: inda hanya ba ta da aminci, rai ya fi takarda, a jira.

Abin da kuka samu, ku ɗauki hotonsa da waya idan kun koma gida, ku tura wa ɗan'uwa a Gadarif ko Bur Sudan ko Kano. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya ci Wad Madani a Disamban shekarar, sojoji ba su dawo da ita ba sai Janairun 2025, kuma a tsakani an wawashe ofisoshi, fayiloli sun watse. Duk ranar da aka zauna gyaran rajista, sunan wanda ya zo da shaida za a rubuta.

Limamanmu da shehunanmu, don Allah bayan sallar Juma'a mai zuwa ku tsayar da mutane, ku zaɓi uku masu karatu da amana, su bi gida gida su rubuta wa ke da takarda wa ba shi da ita. A fara da zawarawa da marayu.