Tabarau Mai Koyi Da Ƙwayar Ido

Wata safiya cikin watan jiya wani yaro ya kawo mini allonsa in duba. Na kai shi kusa da fuska yadda na saba, sai na ga baƙaƙen sun dagule, har na kasa rabe "ba" da "nun", ko ɗigon na sama ne ko na ƙasa. Sai da na miƙa hannu iyakar tsawonsa kana rubutun ya fito. Yara suka yi ta dariya a ɓoye, ni kuwa jikina ya yi sanyi, gama wanda abincinsa ke cikin karatu, in ido ya ƙi, me ya rage? Shi ya sa na bi diddigin al'amarin, ga kuwa abin da na samo.

A cikin idon mutum, bayan baƙin nan da mu ke gani, akwai wata 'yar ƙwaya garai-garai mai taushi. In ka dubi nesa ta kan baje, in ka dubi kusa sai wata tsoka da ke kewaye da ita ta motsa, ƙwayar ta kumbura. Duk wannan kafin ƙiftawa, ba ka ma sani ba. To, in mutum ya kai shekara 40 zuwa 45 sai ƙwayar ta fara tauri, ta ƙi kumbura sosai. Ba sammu ba ne, ba kambun baka ba ne, girma ne kurum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa cikin 2019, mutum miliyan 826 ke fama da wannan ba su da tabarau ɗin da ya dace da su.

Gilashi kuwa ba shi da wannan baiwa. Yadda aka goge shi haka zai zauna, ƙarfinsa guda. Don haka wajen 1784 Benjamin Franklin na Amurka ya yanka gilashi biyu ya haɗa, na sama don nesa, na ƙasa don karatu. Cikin 1959 Bernard Maitenaz na Faransa ya fito da Varilux, wanda ƙarfinsa ke ƙaruwa sannu-sannu daga sama zuwa ƙasa. Masu ƙera kyamara su ma wahalar nan ta same su. Su kan jera gilasai da yawa cikin bututu, wani lokaci fiye da 10, su sa ɗan inji yana tura su gaba da baya. Nan nauyin kyamara ya ke, shi ne kuma dalilin tudun nan da ke bayan wayar hannu.

Sai waɗansu masana suka ce, me zai hana a yi gilashi guda mai sake ƙarfinsa kamar ƙwayar ido? Ga dabaru huɗu da suka fito.

Ta fari ta Luis Alvarez ce, wani masanin Amurka, wanda aka ba shi takardar mallakarta cikin 1967. Faranti biyu ne masu tudu da kwari, ɗaya bisa ɗaya. In an zame su gefe kaɗan sai ƙarfin ya sake.

Ta biyu ta Joshua Silver ce, malami a Jami'ar Oxford ta Ingila, wanda tunanin ya zo masa cikin 1985. Ya yi tabarau mai fata biyu garai-garai, da wani irin mai a tsakaninsu, da 'yar sirinji a kowane hannu. Mai sawa shi ke murɗawa da kansa. In ya ƙara mai, fatar ta kumbura, karatu ya fito. In ya rage, ta loɓa, wanda ba ya ganin nesa ya gani. Da ya ga daidai sai ya ɗaure, ya cire sirinjin. A nan Ghana aka gwada shi cikin 1996, cikin waɗanda suka fara sawa har da wani tela da ya bar aiki don ba ya ganin kafar allura. Ya murɗa, ya gani, ya zura zare, ya koma kan kekensa. Zuwa 2008 an raba wajen 30,000 a ƙasashe 15.

Ta uku ta Bruno Berge ce, wanda ya kafa kamfanin Varioptic a birnin Liyon na Faransa cikin 2002. Kowa ya san ruwa da mai ba su haɗuwa. Ya rufe ɗigon ruwa da na mai cikin ɗan gida mai kamar maɓallin riga, iyakar da ke tsakaninsu ita ce gilashin. In an ba su lantarki kaɗan sai iyakar ta lanƙwasa, ƙarfin ya sake. Ba inji, ba abin da ke gogar wani balle ya cinye. Ana sa irinsa cikin na'urorin karanta lambar kaya a masana'antu. Cikin 2021 kuma kamfanin Xiaomi na ƙasar Sin ya fito da waya mai wani irin gilashin ruwa, ido guda yana ɗaukar nesa, yana ɗaukar abin da ke dab da shi.

Ta huɗu, cikin 2018 aka fito da tabarau mai suna TouchFocus a Japan. Da ka taɓa hannunsa sai lantarki ya kunna gurbin karatu, ka sake taɓawa ya ɓace.

Amma fa kowane allazi da nasa amanu. Gilashin ruwa ya fi kyau in yana ƙarami, in ya yi faɗi nauyin ruwan kan ja shi ƙasa, hoto ya ɓaci. Tabarau na Silver na fari ya yi kauri, ga nauyi, ba kowane saurayi zai yarda ya fita da shi ba. Mai lantarki kuwa sai da caji, sai da kuɗi masu yawa. Har wa yau akwai idon da fuskarsa ba ta zagaye daidai ba, wannan murɗawa ba ta gyara shi, sai an auna an goge masa nasa gilashin.

Babban abin tsoro shi ne, tabarau kowane iri ba ya ganin abin da ke cikin ido. Yana kan rufe ido sannu-sannu, maganinta aikin likita. Hawan jinin ido, wanda ya yi yawa a ƙasar nan, ya kan ci gani daga gefe ba zafi ba ƙaiƙayi, abin da ya ci kuwa ba ya komowa. Mutum na iya sayen tabarau a kasuwa ya ga rubutu tangaran, alhali cuta na aikinta a ɓoye.

Saboda haka ni na tafi aka auna ni, aka ba ni tabarau na karatu mai araha, yanzu ɗigo ya koma wurinsa. Ina roƙon shugabannin ƙungiya su nemi ma'aikatan ido su zo zango ko sau ɗaya a shekara, a auna malamai da teloli da masu gyaran agogo da iyayenmu mata masu tsintar shinkafa. Duk wanda ya wuce 40 ya fara miƙa hannu in zai karanta, kada ya ji kunya, kada kuma ya ajiye sana'arsa. Ya je a duba shi tukuna. Allah ya bar mu da ganinmu, amin.