Ko Kun Sani? Abin da Ke Kaɗe Furen Tumatir a Bazara

Ko kun san cewa tumatir, wanda asalinsa daga Kudancin Amurka ne, ba ya jure zafin da ya haura digiri 35, domin garin furensa kan lalace, furen ya kaɗe bai ƙulla ɗa ba, alhali ganyen yana nan kore shar? Haƙiƙa wannan yana daga cikin dalilan tsadarsa a kasuwannin Kano daga watan Mayu. Saboda haka mai lambun gida, in mai basira ne, da bazara ta kama sai ya tuge tsohuwar shuka, ya zuba taki, ya tanadi irin kuɓewa da yakuwa da alayyahu, waɗanda zafi bai dame su ba, kafin saukar ruwan fari. Renon tumatirin rani kuwa sai wajen Satumba ko Oktoba.