Kirsimati A Baƙuwar Ƙasa

Karatunmu na yau yana cikin Matiyu 2:13-15 da kuma Ibraniyawa sura 13.

Da wuya yanzu a sami ikkilisiya a cikinmu wadda ba ta da ɗa ko 'ya a ƙasar waje. Waɗansu karatu ya kai su, waɗansu aikin asibiti, waɗansu kuwa neman abinci ne kawai. In watan Disamba ya kama sai kewa ta taso musu. Sukan ce mana, Baba Fasto, a nan Kirsimati ba ta kama da Kirsimati. Ba ƙarya suka yi ba. A gida hunturu ne yake fara ba da sanarwa. Ana watanda, tela yana kwana a kan keke, zumunta mata suna koyon sabuwar waƙa da tulu da caki, yara suna bin gida gida da sabon ɗinki. Ko wanda bai dafa ba zai ci shinkafa, gama kwanuka suna ta ratsa katanga, har zuwa gidajen maƙwabtanmu Musulmi.

To, ɗauki wanda ya saba da wannan ka ajiye shi a Landan. Ran 25 ga Disamba rana takan faɗi kafin ƙarfe 4 na yamma, hasken yini duka bai cika sa'a 8 ba. Bas da jirgin ƙasa na birni ba su aiki a ranar, kowa yana ɗaki da iyalinsa, ƙofa a rufe. A Ostareliya tsakiyar zafi ne. A Japan da Sin ranar aiki ce kamar kowace rana. A Saudiyya babu ginin majami'a da za a je, sai dai mutum ya yi sujada a ɗakinsa.

Na Masar kuwa abin da yake ruɗa shi dabam ne. Ya shirya domin 25 ga Disamba, sai ya tarar 'yan'uwansa Kirista Kibɗawa suna cikin azumi, azumin kwana 43, bikinsu sai 7 ga Janairu. Haka yake a Habasha da Rasha. Waɗansu sukan tambaya, to su wane ne suka yi kuskure? Ba wanda ya yi. Lissafin kalanda ne. Tsohuwar kalandar Romawa, ta zamanin Yuliyas Kaisar, shekararta ta ɗara ta rana da 'yan mintoci, mintocin nan suka yi ta taruwa har suka zama kwanaki. A 1582 Paparoma Giregori na 13 ya gyara, ya tsallake kwana 10. Yawancin ikkilisiyoyin gabas ba su bi shi ba a lokacin. Yau bambancin ya kai kwana 13, saboda haka 25 ga Disamba a tsohon lissafi ita ce 7 ga Janairu a namu. Kibɗawa da Habashawa suna da tasu kalandar, amma tsawon shekararta ɗaya ne da na tsohuwar. Armeniyawa kuma suna yi ran 6 ga Janairu. A Baitalami kanta, garin haihuwar, sau uku ake yin bikin kowace shekara.

Wannan bai kamata ya girgiza kowa ba, gama Littafi Mai Tsarki bai ba mu ranar ba. Luka ya faɗi sunan sarkin da yake mulki, ya faɗi garin, ya faɗi komin dabbobi da makiyaya, amma bai faɗi wata ko rana ba. Shaida mafi tsufa da muke da ita ta yin bikin ran 25 ga Disamba daga Roma take, a shekara ta 336. Wato ikkilisiya ta yi kusan shekara 300 tana wa'azi, tana shan tsanani, tana binne shahidanta, ba mu da labarin wannan biki a cikinta. A Ingila ma, ƙasar da mishan da yawa suka fito, majalisa ta hana bikin a 1647, sai 1660 aka komar da shi. Bangaskiya ba ta mutu a shekarun nan ba. Ba muna rena biki ba ne, muna ƙaunarsa. Amma biki riga ce, ba jiki ba.

Yanzu mu duba Kirsimati ta fari. Ashe a baƙunci aka yi ta. Yusufu da Maryamu mazauna Nazarat ne, dokar ƙidaya ta Kaisar Augustas ta tashe su tafiyar fiye da kilomita 100 zuwa Baitalami, masauki kuma ya cika. Luka bai ambaci uwa ko goggo a gefen Maryamu ba, baƙin da suka fara zuwa barka makiyaya ne da ba ta san su ba. Bayan haka Hirudus ya nemi ran yaron, Yusufu ya tashi da dare ya gudu da su Masar, suka zauna can har Hirudus ya mutu. Ɗan Allah ya yi zaman gudun hijira a Afirka, a cikin mutane masu wani harshe da waɗansu alloli. Wanda yake cin abincinsa shi kaɗai a ɗakin haya ran Kirsimati ya fi kusa da halin Yusufu da Maryamu fiye da mu da muke tsakiyar dangi.

Mutanen Allah sun san wannan kewa tun dā. A Zabura 137 bayin da aka kai Babila sun rataye molayensu, suna ganin waƙar Ubangiji ba ta yiwuwa a ƙasar da ba tasu ba. Amsar ta zo ta hannun Irmiya, sura 29: su gina gidaje, su yi gonaki, su yi wa birnin addu'a. Daniyel kuwa ya nuna yadda ake yi. Ba Haikali, ba hadaya, ba idi, amma sau uku a yini yana durƙusawa a tagar da take duban Urushalima, har ranar da doka ta hana bai sake sa'arsa ba. Abin da ya riƙe shi ba taro ba ne, saba wa kai da addu'a ne tun kafin wahala ta zo.

Ibraniyawa 13:8 ta tabbatar mana Almasihu ba ya sakewa, ko zamani ya juya ko wuri. A lura da maƙwabtan ayar. Aya 14 ta ce nan duniya ba mazauninmu na dindindin ba ne, aya 2 kuma ta gargaɗe mu a kan karɓar baƙi. Saboda haka ɗan'uwa na waje, kada ka jira a gayyace ka. Nemi ikkilisiya mai wa'azin Almasihu ko da waƙarsu ta yi maka sanyi, ko da ba ka jin rabin abin da ake faɗi. In suna yi a Janairu, yi tare da su a Janairu. Buɗe Luka sura 2 da Hausa, ka karanta da murya, gama tun 1932 muke da Littafi Mai Tsarki cikakke a harshen nan, yanzu kuma yana cikin wayar hannu. Dafa abin da ka samu, ka kira wani wanda ya fi ka kaɗaici, ko daga wace ƙasa yake. Ku biyu kun isa taro bisa ga alkawarin Matiyu 18:20. Inda doka ta takura sujada a fili, yi hikima, kada ka jawo wa mai masaukinka wahala.

Mu na gida kuma akwai namu. Sau da yawa kiran da ɗanmu yake samu a Disamba na kuɗin watanda ne da kuɗin ɗinki. Wani har bashi yake ci domin kada a ce ya manta da gida, alhali kuɗin haya yana binsa. Wannan ba daidai ba ne. A kira shi a tambayi lafiyarsa, a tambaya ko ya sami wurin sujada. Dattawa su rubuta sunayen 'ya'yan ikkilisiya da suke waje, a ambace su ɗaya ɗaya cikin addu'ar ranar Kirsimati. Matasa su ɗauki waƙar zumunta mata a waya su aika musu. In za a kira kuwa a duba agogo: ƙarfe 10 na safe a Jos ko Maraɗi, a Landan 9 ne a Disamba, a birnin New York kuwa 4 na asuba.