Abin Da Dutsen Maloni Ya Tuna Mini

Ranar Asabar na hau Dutsen Maloni tare da 'yan ajina. Muna hutawa sai wani ya ce, "Malam, yaya aka yi dutsen Keffi ke amsa sunan Bature?" Ga amsar da na ba shi, ko za ta amfani sauran jama'ar kwalejin nan.

A shekarar 1902 Kyaftin Maloni shi ne Razdan a Keffi. A lokacin kuwa mai ƙarfi a gari shi ne Magaji Ɗan Yamusa, wakilin Sarkin Zazzau. Turawa suna so ya bar kai hari da kamun bayi, ya bi umurninsu, shi ko ya ƙi. Ran 3 ga Oktoba aka yi cacar baki a ƙofar fada, Magaji ya kashe Maloni, ya hau doki ya nufi Kano, Sarki Alu ya karɓe shi da girma. Gwamna Lugga ya riƙe wannan hujja. Aka ci Kano ran 3 ga Fabrairu 1903, aka ci Sakkwato cikin Maris. Magaji ya bi Sarkin Musulmi Attahiru, suka rasu a yaƙin Burmi cikin Yuli.

Na ce musu irin wannan ta faru a Amurka. Akwai wata kabila, Shawni, a ƙasar Ohayo. Turawa 'yan kama-wuri-zauna suka yi ta sare musu daji suna gonaki, ana kai wa juna hari. A 1795 aka sa su hannu a yarjejeniyar Girinbil, suka rasa yawancin Ohayo. Jarumin nan nasu Tekumse ya yi ƙoƙarin haɗa kan kabilu, amma aka kashe shi a 1813.

To, ga bambancin. Can ƙasar noma ake so, saboda haka daga baya aka kwashe Shawni zuwa yamma. Nan kuwa mulki ake so, shi ya sa da Turawa suka miƙa shi a 1960, gonakinmu suna hannunmu.

'Yan'uwa masu shirin zama malamai, in kun zo koyar da wannan, kada ku ɓoye kome. Ku faɗi jaruntakar Magaji, ku kuma faɗi wahalar ƙauyukan da aka kai wa hari, don jikokin duka biyu suna zaune a benci ɗaya gabanku. Allah ya sa mu riƙe amana, amin.